Ranar da Malam Ya Yafa Fatar Bunsuru

Abubuwa da yawa sun same ni a zaman da na yi a Jidda, waɗansu yanzu ko an tambaye ni sai na yi ta lalube kafin na tuno su. Amma akwai guda ɗaya da ko gigin tsufa ya zo mini ba na jin zai iya raba ni da shi. Shi ne ranar da mijina, mutumin da ko murmushi sai ya ga dama yake yi, ya yafa fatar bunsuru ya hau bene saboda wata tsohuwa Kirista 'yar ƙasar Rasha.

A shekarun nan ne da azumi yake faɗowa cikin sanyi, gab da shiga shekara ta dubu biyu, in ma za a kira abin da ake yi a Jidda sanyi. Da sunan umra muka shigo ni da Malam, muka zauna kamar yadda 'yan'uwanmu da yawa suka zauna, ba takardar iƙama ba kafilin da zai tsaya mana. Ɗaki ɗaya muka kama a Kurayyat. Shi yana fiɗa a wajen masu yankan dabbobi a Mahjar, ni kuma ina aikatau a Bagdadiyya, a gidan wata likita da kowa yake ce wa Duktora. 'Yar Rasha ce. Mijinta mutumin Sham ne, shi ma likita, can Rasha ya je karatu ya auro ta, ta musulunta tun kafin su zo Saudiyya.

Shara da wanki duk ina yi, amma babban aikina shi ne kula da mahaifiyar Duktora, wadda ita tana nan a kan addininta na Kirista. Tsohuwa ce 'yar ƙarama, fara sol, kullum da ɗankwali ɗaure a ƙarƙashin haɓa ko da zafi ya kai ina. Ta zauna da su a Sham shekaru, ta tsinci Larabci gutsi-gutsi, ni kuma nawa Larabcin na kasuwa ne, da su muka haɗa muke fahimtar juna, inda baki ya gaza hannu ya ƙarasa. Kaka nake ce mata, ita kuma ta ce mini binti, wato 'yata. Kada wani ya ɗauka irin tsofaffin nan ne masu sanyin hali. Kai! Tsohuwar nan akwai tsiya. Ta ce ban iya yanka albasa ba, ta ce shayina ruwan wanke-wanke ne, ta bi bayana da ɗan yatsa tana shafa saman kabad ta ga ko na bar ƙura. Ni ma kuwa ba na raga mata. Amma ranar da zazzaɓi ya kayar da ni a ɗakin girki, ita ta zauna a kaina tana jiƙa tsumma tana ɗora mini a goshi, tana yi mini faɗa da yarensu har na samu barci.

Da azuminmu ya kama a shekarar, sai na tarar ita ma tana cikin nata. Su nasu barin nama ne da madara da ƙwai, har zuwa bikin haihuwar Annabi Isa, amincin Allah ya tabbata a gare shi. Kuma nasu bikin ba ya zuwa rana ɗaya da na sauran Kiristocin da muka sani a gida, sai bayan sabuwar shekara da 'yan kwanaki. Na kan tsokane ta in ce, "Kaka, azumin da ake shan ruwa ai hutu ne." Ita kuma ta harare ni ta ce, "Ke da kike cinye rabin tukunya da magariba?"

Wata rana da hantsi ta sa na sayo mata alkama, ba gari ba, tsabarta. Muka zauna muna tsince ta a faranti, sai bakinta ya buɗe. Ta ce ƙauyensu in sanyi ya kankama, ƙanƙara har taga take kaiwa, rana ta fito a makare ta koma da wuri, kullum tana ƙara ragewa, har a zo daren da ya fi kowane dare tsawo. Mutanen da, tun kafin coci ta iso musu, cewa suke yi rana ce ta tsufa take shirin mutuwa, in ba a taimaka mata ba ba za ta dawo ba. Sai a tara ciyawa a tsakar gida a kunna wuta, wai iyaye da kakanni da suka rasu su zo su ji ɗumi. A dafa alkama da zuma. Ba wanda zai sa komai a baki ranar sai tauraron farko ya fito. Daga nan samari su juya rigunan fata ciki ya koma waje, su rufe ɗayansu ya zama akuya, su bi gida-gida suna waƙa suna roƙo. Ta ce abin da duk ka miƙa wa mai waƙa a bakin ƙofarka a wannan maraicen, ya isa ga naka da suka riga ka gidan gaskiya.

Na ce, "To da coci ta zo fa?"

Ta yi dariya har ta kama ƙirji. Ta ce da coci ta zo sai aka ce tauraron na haihuwar Annabi Isa ne, alkamar kuma sadakar mamata ce, kowa ya ce to. Akuyar ce dai aka rasa inda za a sa ta. Limamin cocinsu kowace shekara sai ya yi faɗa ya ce aikin arna ne, amma in samarin suka isa ƙofarsa, matarsa ce take fara fitowa da kwano. Daga baya gwamnatin da ba ta son addini ta zo ta kore shi, ta mai da cocin rumbun hatsi, ta hana komai. Liman ya tafi, ƙararrawa ta tafi, akuya dai ba ta fasa yawo ba.

Ban san lokacin da na tafa hannu ba, na ce, "Kaka, ai wannan tashe ne!" Na ba ta labarin yadda ake yi a garinmu in azumi ya yi goma, da gemun auduga da fatu da gwangwanaye, a bi ƙofa-ƙofa ana ba da hatsi. Na ba ta labarin ƙauyen kakata a ƙasar Malumfashi, inda Maguzawa suke maƙwabtaka da mu, yadda ake kunna karan dawa a yi ta wurgi da wuta a daren cika-ciki, malamai na faɗa, 'ya'yansu na cikin masu wurgin. Ta zuba mini ido tana gyaɗa kai, kamar na kawo mata labarin wani ɗan'uwanta da ya ɓata. Ranar har Duktora ta dawo daga aiki ba mu gama tsince alkamar ba.

Da yammacin ranar ne abin ya lalace. Ina ɗakin girki na ji muryarsu ta tashi da yarensu, uwa da 'ya. Ban ji me ake cewa ba, amma na ga Kaka ta fito ta ɗauki farantin alkamar ta ture shi gefe, ta shige ɗakinta ta kwanta ta juya wa duniya baya. Na kai mata abinci ta ƙi. Washegari ma haka. Na dama mata kunun gyaɗa da take so, na ɗaga kanta, ta datse baki. Ruwa kawai take kurɓa, shi ma sai na yi da gaske. Tsohuwar da dama azumi ya riga ya zuƙe, cikin 'yan kwanaki sai ga idanunta sun faɗa, hannunta in na riƙe sai ƙashi. Abin da ya fi tayar mini da hankali ma, ta daina yi mini faɗa. Da gangan na bar ƙura a kan kabad ɗinta, ko kallo ba ta yi ba.

Duktora ce ta same ni a wajen wanke-wanke, ta tsaya a bayana ta fashe da kuka. Ta ce kowace shekara Kaka takan dafa alkamar nan ta zauna tana fuskantar ƙofa, ba wanda yake ƙwanƙwasawa, da safe a zuba wa tattabaru. Bana Kaka ta ce jikinta ya ba ta ita ce ta ƙarshe, a nemo mata masu waƙa. Duktora ta ce, "Ni kuma gajiya ta sa na ce mata, Mama, ba wanda zai zo, nan ba garinmu ba ne, ki haƙura. A ina zan samo mata akuya a Jidda? In maƙwabta suka ji waƙar bikin Kirista a gidan nan, aikin mijina fa?" Ta share ido ta ce tana da wa guda ɗaya, ya tafi soja bai dawo ba, kuma tun yana saurayi shi ne yake zama akuyar ƙauyensu. Sannan ta ce in har ranar bikin ta wuce Kaka ba ta ci abinci ba, dole ta kwantar da ita a asibiti a zura mata roba ta hanci. Kaka kuwa ta sha gaya mini cewa duk ranar da aka kai ta asibiti, to, kada in sa ran dawowarta.

Na ce, "Duktora, in na kawo masu waƙa, za ki buɗe ƙofa?"

Ta dube ni kamar na zautu. Na ce ba waƙarsu za mu yi ba, tamu za mu yi, ta watan azumi, duk wanda ya ji cewa zai yi Takari ne, wato mu baƙaƙen Afirka, suke shirmensu. Sai ta ce ranar mijinta yana aiki har dare, mai gadin gidan kuma yakan tafi masallaci tun kafin magariba don ya kama wurin shan ruwa. Ba ta ce eh ba, amma ni na san na samu.

Saura Malam. Bayan mun sha ruwa na bari ya ci ya ƙoshi, na zuba masa shayi, na gyara zama na kwashe labari na gaya masa. Tun ban kai ƙarshe ba ya ajiye kofin.

"Ke, kina da hankali kuwa? Tashe? A Jidda? Mu da ko takardar tsire ba mu da ita? In askar, 'yan sandan nan, suka tare mu da fata a ka, me za ki ce musu? Sai dai mu haɗu a gidan tarhil ana jiran jirgin da zai kwashe mu."

Na ce, "Malam, tsohuwa ce za ta mutu."

"Allah ya ba ta lafiya. Amma ni da gemuna, cikin watan azumi, in je in yi rawa a bikin da ba namu ba? Har a miƙo mini abincin da aka dafa da sunan matattu?"

"Alkama ce da zuma, ba yanka ba ne. Gumbar da ake rabawa a garinku ranar sadakar bakwai, da sunan wa ake yin ta?"

"Ita ma ai malamai suna magana a kanta."

Raina ya ɓaci, na ce masa to shi ke nan, ba sai ya je ba, ya taimaka ya samo mini fatar akuya ɗaya a wajen aikinsu, ni da maƙwabciyata za mu yi. Ya ɗauki carbinsa ya fita tarawihi. Na bi bayansa da harara. A raina na ce wannan mutum dutse aka sa masa a ƙirji, kuma Allah ya sani ranar da haushinsa na kwana.

Maƙwabciyar tawa haifaffiyar Jidda ce, kakanninta ne suka zo aikin hajji a ƙasa suka zauna. Ba ta taɓa ganin tashe da idonta ba, sai labari a bakin kakarta, saboda haka ina faɗa mata ta ce, "Yalla, wallahi da ni za a yi!" Muka ƙirƙiri 'yar waƙarmu, ta yi ta maimaitawa da Hausarta mai gauraye da Larabci har ta zauna mata. Muka shirya za ta karɓo fatar a wajen Malam in ya kawo, ta same ni a ƙasan benen gidan aikina kafin magariba.

Ranar ta zo. Duktora ta ɗauki hutu, ta shiga ɗakin girki da kanta, abin da ban taɓa gani ba. Ta dafa alkamar nan har ta fashe, ta zuba zuma da zabibi. Akwai wasu 'yan ƙwayoyi baƙaƙe da suke sawa a ƙasarsu waɗanda ba a shigowa da su Saudiyya, sai na soya mata riɗi ta barbaɗa. Tana juyawa tana ɗanɗana ƙamshin da hanci, don ita ma tana azumi, tana cewa haka ne, haka Mama take yi. Muka ɗauko Kaka muka zaunar da ita a kujera a falo, muka ɗora kwanon a kan tebur a gabanta. Ta dubi kwanon, ta dubi ƙofa, ta rufe ido. Ko tambayar wanda ya dafa ba ta yi ba.

Da rana ta yi ja na sauka ƙasa. Titi ya yi tsit, irin tsit ɗin Jidda gab da shan ruwa, sai mota ɗaya-ɗaya da gudu. Na leƙa bayan matakala, ga maƙwabciyata da ƙaramin bokitin roba a ƙarƙashin abayarta, ga kuma mutum tsaye a bayanta da buhu a kafaɗa. Malam ne, da kayan aikinsa a jiki, ko gida bai biya ba.

Na buɗe baki zan yi magana, ya ɗaure fuska ya ce, "Wa ya taɓa ganin mace ta yi bunsuru? In za a yi abu a yi shi daidai. Riƙe mini nan."

Ya zaro fata, ba ta akuya ba, ta wani ƙaton bunsuru mai dogon gashi, har da ƙahonin ya ɗaure su a jikin wata tsohuwar hula. Wari kuwa, wa iyazu billahi! Maƙwabciyata ta toshe hanci tana dariya tana cewa haram alaik. Ya yafa, na ɗaure masa a ƙirji da ƙugu, ya ja kan ya rufe fuska. Muka ƙi shiga na'urar hawa don kada mu yi kiciɓis da wani, muka bi matakala, kuma gidan su Duktora a can ƙololuwa yake. Ina jin numfashinsa a cikin fatar yana fita da ƙyar. Na ce ya tsaya ya huta, ya kaɗa mini hannu. Ni kuwa ban yi tunanin cewa tun asuba yake tsaye a kan wuƙa da azumi a bakinsa ba, ga kasuwar nama ta watan azumi ba ta barin mutum ya zauna.

Muka isa, na ƙwanƙwasa. Maƙwabciyata ta fara buga bokiti a hankali, muka ɗaga murya:

"Uwar gida buɗe, mun zo da baƙo,
Bunsurunmu yunwa yake ji."

Duktora ta buɗe ƙofa ta ja gefe. Ba zan manta da fuskar Kaka ba. Ta buɗe ido, ta dafa hannun kujera. Sai Malam ya shiga. Jama'a, shekara nawa ina zaune da mutumin nan, ban san shi ba! Ya duƙa, ya karkata kai, ya buga ƙafa, ya yi kukan bunsuru da sai ka rantse daga turke aka kwanto shi. Ya tunkuyi kujera, ya bi maƙwabciyata da ƙaho har ta ɓuya a bayan labule, ya dawo ya shinshina kwanon alkama ya yi atishawa. Ashe a unguwarsu yana yaro shi ne gwanin tashe, bai taɓa gaya mini ba. Kaka ta fara tafi, tafin da ba ya ko ƙara saboda rashin ƙarfi, ta kama wata waƙa da yarensu da 'yar siririyar murya. Tamu daban tata daban, bokiti na bin kowacce.

Yana cikin juyi sai na ga ƙafarsa ta harɗe. Ya yi taga-taga, ya zube a ƙasa, rim, bai ƙara motsi ba.

Na saki salati na yi kansa. Bokiti ya faɗi daga hannun maƙwabciyata. A raina na ce shi ke nan, na kashe mijina a gidan mutane, ba takarda ba dangi. Amma me zan ji? Kaka ce take dariya, dariya har da hawaye, tana tafi tana nuna shi tana faɗin wata magana. Na ɗago a fusace. Duktora ta riga ta durƙusa ta zura hannu cikin fatar ta kama wuyansa, ta yaye masa fuska, ta ɗaga ƙafafunsa ta ɗora a kan matashi. Ta raɗa mini da sauri, "Suma ce, zafi ne da azumi, yanzu zai farfaɗo. Kada ki nuna mata. Ta ɗauka wasan ne. A ƙauyenmu haka akuyar take yi, ta faɗi ta mutu kamar yadda rana take mutuwa, ba ta tashi sai uwar gida ta ba ta abinci da hannunta."

Na haɗiye kukana. Kafin in juya, tsohuwar da ta yi kwanaki sai an ɗaga ta ta miƙe da kanta, ta rungumo kwanon, tana takawa tana layi, ta zo ta zauna a ƙasa kusa da kan Malam. Tana shafa gashin fatar tana yi masa magana ƙasa-ƙasa, irin yadda ake lallashin yaro. Daidai nan masallacin unguwa ya ɗauki kiran sallah. Duktora ta yayyafa masa ruwa, ta ɗiga masa a baki, ya buɗe ido yana kalle-kalle, sai ga cokali a gaban bakinsa, ga tsohuwa tana jira.

Ya dube ni. Na san abin da yake tunani, na kuma san in ya kau da kai komai ya rushe. Ya daɗe yana kallon fuskarta, sannan ya ce bismillah, ya buɗe baki ya karɓa. Kaka ta yi wata 'yar ƙara ta murna. Ta sake ɗebowa ta miƙo, sai ya tashi zaune ya karɓi cokalin daga hannunta, ya juya shi ya nufi bakinta. Da Hausa ya yi mata magana, ya ce, "A'a, Inna, saura ke. Ba zan ƙara ba sai kin ci."

Ba ta jin Hausa, amma ta gane. Ta girgiza kai ta nuna taga. Tauraro bai fito ba.

Haka muka taru a bakin tagar nan, ni da maƙwabciyata muna tauna dabino, Malam zaune da fata a kafaɗa da cokali a hannu bai sauke ba, Kaka na jingine da 'yarta. Sama ta yi ja ta wajen teku, ga hasken fitilun gari, ni dai ban ga komai ba, idon Kaka kuwa dama ba ya kai nan. Na fara tunanin ko in yi ƙarya in ce na gani. Sai Duktora ta ɗaga hannu ta nuna, ta faɗi kalma ɗaya da yarensu, ta ƙara da "Mama". Na bi yatsanta, ga shi kuwa, guda ɗaya tal, yana ƙyalli a saman wani dogon gini.

Kaka ta yi addu'arta irin tasu, ta juyo ta buɗe baki. Malam ya ba ta. Ta tauna a hankali ta haɗiye, muna kallon maƙogwaronta kamar ba mu taɓa ganin mutum yana cin abinci ba. Ya ƙara mata, ta karɓa. A na uku ne ta yamutsa fuska ta dube ni ta ce, "Binti, wa ya sa riɗi a ciki? Ya ƙone." Wallahi ban taɓa jin daɗin faɗa irin na ranar ba. Na rungume ta ina kuka ina dariya.

Muka yi sallar magariba a falon, Malam ya cire fata ya yi alwala ya ja mu, har da Duktora, Kaka na zaune a gefe da kwanonta a cinya tana ci. Da za mu tafi ta sa aka juye sauran alkamar a roba ta danƙa wa Malam da hannu biyu, ta ce rabon masu waƙa ne, ba a barin sa a gida.

A hanyar komawa Kurayyat na ce masa, "Malam, me ya sauya maka ra'ayi?" Ya ce lokacin da mahaifiyarsa ta kwanta ciwon ajali a gida, an aiko masa cewa ta ƙi cin abinci, tana cewa sai ya zo. Ya san in ya fita ba zai iya dawowa ba, ya yi ta cewa bari wata ya ƙare, har aka aiko cewa an binne ta. Ya ce, "Ban je don addininta ba, nawa ya ishe ni. Na je ne don tsohuwa ce ta ƙi cin abinci." Ya ja mini kunne kuma cewa in ya ji labarin nan a bakin mutanen Mahjar, ni da shi ne.

Ba a kai Kaka asibiti ba. Ta murmure, ta ci gaba da bin kabad da ɗan yatsa, ta ƙara shekara biyu a duniya, kuma a kan gadonta ta cika, hannunta cikin na 'yarta. Malam ma yau ba ya raye, Allah ya jiƙansa, shi ya sa na samu bakin ba da labarin.

Abin da na koya a wannan rana shi ne, tsoho in ya ƙi abinci a baƙuwar ƙasa, sau da yawa ba cikinsa ne ya ƙoshi ba, so yake ya ga ko akwai wanda zai tako ya zo inda yake. Na kuma gane cewa tausayin wanda ba addininku ɗaya ba ba ya rage wa mutum komai a nasa. Mun shiga gidan nan da imaninmu, mun fita da shi cif, kuma mun bar tsohuwa tana cin abinci.